Hanyar da Dogo Ya Ce Zai Bi

A Furfuri yanzu ba a tambayar mutum ina za shi. Ko matarka ce ta ga ka ɗauki hula ka nufi ƙofa, iyakarta ta ce a dawo lafiya. Ba a tambayar abin da ka samu a gona, ba a tambayar inda shanunka suke kwana. Tun da ɓarayin daji suka fara tare hanya suna kiran mutane da sunayensu, har suna gaya wa mutum abin da ya sayar jiya a kasuwa, kowa ya gane akwai masu kai musu labari daga cikin gari, kowa kuma ya ɗinke bakinsa. Ni tela ne, sunana Tukur, kuma ban taɓa yin ɗinkin da ya kai wannan ƙarfi ba.

Cikin wannan hali aka turo mana Malam Mahadi. Daga wani ƙauye na ƙasar Tsafe ya zo, an rufe makarantar da yake koyarwa saboda rashin zaman lafiya, aka maido shi firamarenmu. Siriri ne, mai yawan fara'a, irin mutanen da ke gaishe ka sau biyu a hanya ɗaya. Ya kama ɗaki bayan masallaci shi kaɗai. An ce yana da mata, amma babu wanda ya taɓa ganin ko gyalenta.

Wando ya kawo mini gyara ranar da ya tarar da Dogo yana ba da labarin wulaƙancin da ya sha. Dogo direba ne, yana ɗauko hatsi daga ƙauyuka ya kai Gusau a wata tsohuwar akori-kura da ba ta tashi sai an roƙe ta. Wani soja ɗan kudu ya tsare shi a shinge yana ta zuba masa Turanci, shi kuma duk abin da aka ce sai ya amsa da kalma ɗayar da ya sani, wadda ke nufin e. Bai san me ya yarda da shi ba sai da ya ga kansa yana sauke buhunan masara ɗaya bayan ɗaya cikin rana. Muka yi dariya har da hawaye. Malam Mahadi ya ce in muna so, zai riƙa zuwa rumfata bayan la'asar yana koya mana abin da zai fitar da mu kunya, kuma ba ya son ko sisi.

Haka aji ya kafu. Ni, da Dogo, da Alhaji Umaru wanda ya ba saba'in baya amma ya rantse ba zai mutu jikokinsa na zaginsa da Turanci yana murmushi ba, da wasu 'yan kasuwa da ke zuwa in sun ga dama. Allonmu wani gutsuren katako ne da na shafa wa baƙin fenti. Mun koyi gaisuwa, mun koyi ciniki, mun koyi yadda ake ce wa soja ban gane ba. Komai lafiya lau, har ranar da ya rubuta wata kalma a allo ya ja mata layi.

“Wagga sunanta *would*,” in ji shi. “Ita ka ɗaukar abin da bai faru ba. Mu in za mu yi irin wagga magana, sai mu ce, da ina da mota, da na tahi Gusau. Su kuma sai su fara da *if*, su sa aikin kamar ya riga ya wuce, sannan a rabi na biyu su kawo *would*.” Ya rubuta a ƙasa: *If I had a car, I would go to Gusau.* “Kun gani? Mota babu, tahiya babu. Magana ce ɗai.”

Alhaji Umaru ya ce shi dai malamansu sun hana yawan faɗin da kaza da kaza. Malam ya yi dariya ya ce wancan na mai jayayya da abin da Allah ya riga ya hukunta ne, wannan kuwa motsa baki ne. Sai ya fara zagaye da tambaya, ya faɗa da Turanci ya maimaita da Hausa. Ni ya tambaye ni da zan sami sabon keke me zan fara ɗinkawa, na ce rigar Alhaji, don wadda ke jikinsa ta girme ni. Aka yi dariya. Ya juya wajen Alhaji.

“Alhaji, da kana da shanu masu yawa, ina za ka aje su?”

Duk garin nan an san Alhaji Umaru ya kwashe shanunsa ya kai wa surukinsa a Wanke, kuma duk garin nan an yi kamar ba a sani ba. Alhaji ya dubi malam, ya dubi ƙasa.

“Ni ko akuya ba ni da ita.”

“Shi ya sa nic ce da kana da su, Alhaji.”

“To ko da ina da su, ba ni da su.”

Malam ya ɗauka raha ce, ya yi dariyarsa ya wuce kan Dogo. “Dogo, da za ka Tsafe gobe, wace hanya za ka bi, kuma mi za ka ɗauko?”

Dogo ya ce kansa na ciwo. Daga nan darasin bai ƙara daɗi ba, kowa ya riƙa amsa da ƙaryar da ta fi kusa da bakinsa. Wani mai sayar da taki ya ce da zai sami hali, da barci zai yi.

Malam na karya kwana Dogo ya matso da bencinsa. Shi Dogo ba a banza yake haka ba, ƙaninsa ya yi wata da watanni a hannun mutanen daji, ya dawo ba ya iya haɗa ido da kowa. Ya ce mu dubi abin da kyau. Mutum ya zo daga ƙasar Tsafe ba wanda ya san gidansu. Kullum sai ya zagaya bayan makaranta ya hau kan suri yana waya ƙasa-ƙasa. Ƙarshen mako sai ya ɓace bai ce wa kowa ga inda za shi ba. Sannan wane ne a zamanin nan zai koya maka abu kyauta?

Na ce masa kan surin nan ne kaɗai waya ke kamawa sosai, ni ma can nake hawa. Na ce maganar ɓacewa kuwa, shi Dogo yaushe rabon da ya gaya wa wani inda za shi? Na kuma ce na leƙa littafin da malam ke ɗauko darasi, duk maganar jirgin ƙasa ce da ƙanƙara, shi ya sa yake canza mana da shanu da hanya, abubuwan da muka sani.

“Kai Tukur,” in ji Dogo, “ko kura ta shigo rumfag ga, awon wuya za ka yi mata.”

Da a nan abin ya tsaya, da ya wuce kamar sauran surutan rumfa. Amma ba a daɗe ba aka shiga Wanke aka kore shanu, har da na Alhaji Umaru, ba a bar masa ko maraƙi ba. Na tuna wa Dogo cewa Alhaji bai gaya wa malam komai ba. Ya ce ai ba sai an faɗa ba, ya karanta a fuskarsa. Na ce ban san ana rubuta sunan gari a fuska ba. Bai ko saurare ni ba, ya tafi ya kira Ashiru.

Ashiru ɗan baffan Dogo ne, shi ne babba a 'yan sa-kan unguwarmu, mutum ne da ba ya ɗaga murya kuma ba ya maimaita magana. Ya ji bayani ya ce a ba shi malamin ya kai shi bayan gari su yi hira. Kowa a rumfar ya san irin wannan hira, kuma mun san ba kowa ke dawowa da ƙafarsa ba. Kalmar infoma, wato mai kai wa ɓarayi labari, in ta hau kan mutum a ƙasar nan ba ta sauka. Abin mamaki, Alhaji Umaru, wanda aka yi wa asarar, shi ne ya hana. Ya ce shanu sun tafi, ba zai ƙara da ɗaukar alhakin rai a kan zato ba, a kawo hujja.

To hujjar ce Dogo ya ce zai kawo. Akwai wani burtali da ke yankowa daga ƙauyukan Tsafe ya ɓullo ta Wanke, wanda tun faɗuwar damina babu mai hankalin da ya bi shi. Dogo ya ce zai gaya wa malam a cikin darasi cewa ranar Laraba zai bi ta nan da lodin waken suya. Shi kuwa zai ɓoye motarsa ya zauna gida. Ashiru na da mutum a Wanke da zai sa ido. In ɓarayi suka fito kan burtalin ranar Laraba, to an san wanda ya kira su.

Na ce, “In kuma dama can suna wurin hwa?”

Dogo ya ce mutum ba ya zaman gadin hanyar da ba kowa. Na so in ƙara magana, sai na ga Ashiru ya zuba mini ido, na koma kan kekena.

Tun da aka fara ajin nan ban taɓa ganin Dogo ya dage da karatu kamar wannan makon ba. Ya hana ni ɗinki, wai in riƙa ja masa baki. Yana wanke mota yana maimaitawa, yana cin tuwo yana maimaitawa, har matarsa ta aiko tana tambaya ko wani abu ya taɓa shi. Ranar Litinin malam bai gama goge allo ba Dogo ya ɗaga hannu kamar ɗan aji ɗaya, ya miƙe tsaye duk tsawonsa har kansa na taɓa rufin rumfa.

“*If I went to Tsafe on Wednesday, I would carry soya beans. I would follow Wanke road.*”

Malam Mahadi ya tafa, ya sa mu ma muka tafa. Ya ce mu duba yadda ya sa aikin farko kamar ya wuce, ya kawo *would* a inda ya dace, ko ɗan sakandare sai haka. Murna yake yi tsakani da Allah, ni kuwa kallonsa kawai nake. Na ce a raina, shi ke nan, zai wuce, Laraba za ta zo ta tafi, Dogo ya ji kunya.

Sai da aka tashi, kowa na neman takalminsa, na ga malam ya ja Dogo gefe. Ina ninke yadi kusa da su, na ji komai.

“Dogo, don Allah, wagga magana ta darasi ce ɗai, ko da gaske hanyar Wanke ta buɗe?”

Dogo ya ce, “Lahiya lau take, Malam. Kwanan nan ita ni ka bi.”

“Kuma Laraba za ka bi ta?”

“Da sassahe, in Allah ya so.”

“Alhamdu lillahi. In kai kac ce hanya ta yi, to ta yi.”

Bai ko tsaya sallama da mu ba. Muna tsaye muna kallo ya nufi bayan makaranta da sauri, ya hau kan suri, ya kara waya a kunne ya juya mana baya. Mutumin nan na sha shayi da shi, na gyara masa wando ban karɓi komai ba, ga shi ina kallonsa da idona. Haushi ya kama ni, irin haushin da kake ji in ka tsaya wa mutum a gaban jama'a ya ba ka kunya. Dogo kuwa kallona kawai ya yi.

Ranar Talata bayan an tashi daga makaranta malam ya kulle ɗakinsa ya fita. Bai zo darasi ba. Dogo ya tura motarsa lungun da ke tsakanin gidansa da rumfata, ya rufe ta da zana. Daren aka yi ruwa mai yawa, aka wayi gari Laraba ko'ina ya jiƙe.

Kafin azahar mutumin Ashiru ya bugo daga Wanke. Sun fito. An ji harbi a kan burtalin da hantsi, an ce sun tare wasu masu babura, ba a san ko su wane ne ba.

“To,” in ji Dogo.

Alhaji Umaru ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Ashiru ya aika aka kira mutanensa, suka zo da goruna da bindigogin gida, suka cika rumfata har babu inda zan juya keke. Shi Ashiru igiya ya ɗauko, sabuwa, irin ta ɗaure buhu, ya zauna yana naɗe ta a hannu. Wasu suka ce malam ya gudu ke nan. Ashiru ya ce zai dawo, kayansa na nan, kuma bai san an gane shi ba. Muka zauna jira. Na so in tashi in bar wurin, amma rumfata ce, kuma a irin wannan rana wanda ya fara tashi shi ake fara tambaya.

Ana shirin kiran la'asar wata motar haya da ta fito daga Gusau ta tsaya a bakin titi ta sauke mutum ɗaya. Da farko ban gane shi ba. Ba hula, ba takalmi, wandonsa ya yi caɓa-caɓa da laka har gwiwa. A kafaɗarsa akwai yarinya ƙarama tana barci, hannunta na riƙe da wuyan rigarsa. Yana tafe yana ɗingishi. Mutanen Ashiru suka miƙe gaba ɗaya.

Malam Mahadi ya tsaya a bakin rumfa yana duban fuskoki har idonsa ya faɗa kan Dogo.

“Dogo! Alhamdu lillahi. Ka tsira. Tun da munka shigo burtalin nike duban sawun motarka, nic ce halan ruwa ya wanke shi.”

Ya gyara yarinyar, ya ci gaba da magana kamar wanda in ya tsaya zai faɗi.

“Sun tahi da Huseina. Matata. Tun da anka rufe hanyar garinmu zuwa Tsafe nike neman ta inda zan hito da su, ita da ɗiyag ga. Ban gaya ma kowa ba, kun san yadda ake ciki. Da Dogo yac ce ta Wanke ta buɗe, sai nib bugo mata nic ce ta shirya. Nic ce mu biyo bayan motatai, in ya so ko wani abu ne muna da na gida kusa. Mun kusa hita sunka hito mamu. Ni sunka sake ni in je in nemo abin da za su ce, sunka jefo min yarinya don tana kuka.” Ya dubi Dogo. “Kak ka damu, Dogo, ba laihinka ba ne. Hanya ce. Da sahe lahiya, da hantsi ba lahiya.”

Alhaji Umaru ya saki salati a hankali. Ni kuwa ji na yi kamar ƙasa ta buɗe in shige.

Sai a lokacin malam ya lura da goruna da bindigogi, da yawan mutanen da ke tsaye. Fuskarsa ta ɗan saki, idonsa ya ciko.

“Ashe har kun ji labari kun taru? Allah shi saka da alheri. Wallahi ban san ina da mutane haka ba garin ga. Ku taimaka mu tahi yanzu, ba su yi nisa ba, da ƙafa sunka kora su. Dogo, ina motar? Ka sauke lodin?”

Dogo ya miƙe kamar wanda aka ɗaga da igiya. Ban san abin da ke ransa ba, wataƙila so yake ya yi wani abu da hannunsa don kada ya yi magana. Ya shiga lungu ya fara yaye zanar. Malam ya bi shi da yarinyar a kafaɗa, mu ma muka bi su.

Zana ta faɗi. Wata akuya da ta wuni a ƙarƙashin motar ta fito tana miƙa. Bayan motar wayam, babu buhu ko ɗaya. Ƙasar da ke ƙarƙashinta a bushe take ƙurmus, duk da ruwan da aka kwana ana yi, kuma tayoyin fes suke kamar ranar da Dogo ya wanke su.

Malam Mahadi ya dubi tayoyin, ya dubi lakar da ke ƙafarsa. Ya daɗe yana kallo.

“Dogo,” ya ce a hankali, “ba ka tahi ba?”

“Ban tahi ba.”

“Amma kwanan nan ita ka ka bi.”

Dogo bai ɗago kai ba. “Rabona da ita tun rani.”

Yarinyar ta motsa ta ce Inna, ta koma barci. Malam ya waiwayo ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ni, da Alhaji, da mutanen da ya gama yi wa godiya, har idonsa ya tsaya kan igiyar da ke hannun Ashiru. Ashiru ya mayar da hannun bayansa, amma an riga an gani. Malam Mahadi ya sa tafin hannunsa ya rufe kan 'yarsa, ya ja da baya daga inda muke tsaye.